Haɗa Laburare da Shafin Kwas da Injin Bincike: Abin da Ya Kamata Ɗalibin Hausa Ya Sani

Gabatarwa

A zangon karatu na biyu, lokacin muna aji uku, malaminmu na adabin baka ya ba mu aikin gida a kan karin magana. Ya sa mana jerin abubuwan da za mu karanta a shafin kwas ɗin na intanet, guda takwas: littattafai uku, muƙalu huɗu da kundin digiri ɗaya. Na kwafe sunayensu a takarda na nufi laburare. Kamar yadda kowa ya sani, sashenmu ƙarami ne, kuma jami'armu tana nesa da Kano da Zariya da Sakkwato inda aka fi tara littattafan Hausa. Kantar da aka ware wa Hausa a laburarenmu mutum zai iya gama duba ta cikin minti goma. Littafi biyu na samu. Na ukun na roƙi wani ɗan kasuwa da ke zuwa Kano sayen kaya ya nemo mini, bayan mako biyu ya dawo hannu rabbana. Muƙalun da kundin kuwa na haƙura da su. Na rubuta aikin da abin da ya sawwaƙa, na kuma sami makin da ya yi daidai da shi.

Sai bayan jarrabawa, da na je mayar da littattafan, na yi wa wata dattijuwar ma'aikaciyar laburare ƙorafi. Ta karɓi takardar ta zauna gaban kwamfuta. Ba a yi rabin awa ba ta buɗe mini uku daga cikin muƙalun huɗu, domin suna cikin wani rumbun mujallu da jami'armu take da izinin shiga tun da daɗewa. Kundin digirin ma yana nan a taskar intanet ta jami'ar da aka rubuta shi, kyauta ga duk mai so. Masu iya magana suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Abin da ya faru shi ne, jerin malam yana wuri guda, katalog ɗin laburare yana wani wuri, rumbun mujallun yana wani wurin daban, kuma babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa. Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana waɗannan wurare, da hanyoyin da masana harkar laburare suka fito da su don haɗa su, sannan ta dubi matsalolin da suka keɓanta ga rubutun Hausa, waɗanda a ganina mu ɗaliban harshe ne muka fi cancanta mu magance su.

Wurare Uku da Ɗalibi Ke Zagawa

Wuri na farko shi ne laburare da katalog ɗinsa, wato jerin bayanan duk abin da laburaren ya mallaka. A da, kowane littafi yana da kati a cikin durowa, ɗauke da sunan marubuci, sunan littafi, shekarar bugu da lambar kanta. Ita lambar kanta ba da ka ake ba da ita ba. Laburaren da ke bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda shi ne akasarin jami'o'inmu ke bi, yana ajiye harshe da adabin Hausa tsakanin PL8231 da PL8234. Wanda kuma ke bin tsarin Dewey, da aka fara bugawa a 1876, yana ajiye harshen Hausa a lamba 493.72. A shekarun 1960 wata mata mai suna Henriette Avram ta jagoranci ƙirƙiro tsarin MARC a wancan laburare na Amurka, domin a rubuta abin da ke kan kati ta yadda na'ura mai ƙwaƙwalwa za ta iya karantawa. A wannan tsari kowane bayani yana da gurbinsa mai lamba: sunan marubuci a gurbi na 100, sunan littafi a 245, batun da littafin ya ƙunsa a 650, adireshinsa na intanet a 856. Har yau a kan wannan tubali katalog ɗin kwamfuta yake tsaye. Manhajar Koha, wadda jami'o'i da dama a Nijeriya suke amfani da ita, an rubuta ta ne a ƙasar New Zealand a 1999, ta fara aiki a farkon 2000, kuma kyauta ake ba da ita. Sunan ma ma'anarsa kyauta a harshen mutanen Mawori.

Wuri na biyu shi ne shafin kwas, inda malam yake sa darasi da aikin gida da jerin abin karantawa. Manhajar da aka fi sani a wannan fanni ita ce Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002. Akwai kuma Blackboard da Canvas da Google Classroom. Da yawa daga cikin jami'o'inmu ba su ɗauki wannan abu da muhimmanci ba sai da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020.

Wuri na uku shi ne injin bincike da rumbunan da yake leƙawa. Kowa ya san Google, wanda Hausawa ke yi wa kirari da matambayi ba ya ɓata. Ƙanensa Google Scholar, da ya fito a watan Nuwamba na 2004, rubuce-rubucen ilimi kawai yake nema. Daga cikin rumbunan akwai JSTOR da aka kafa a 1995, wanda a 2006 ya ɓullo da shirin yafe wa cibiyoyin ilimi na Afirka kuɗin shiga. Akwai AJOL da ya fara aiki a 1998, mai tattara mujallun da ake bugawa a Afirka. Akwai kuma taskokin jami'o'i inda ake ajiye kundayen digiri, waɗanda galibinsu da manhajar DSpace ta 2002 aka gina su.

Kowane ɗaya daga cikin ukun nan mutane daban suka gina shi, a lokaci daban, don biyan buƙata daban. Laburare yana hannun ma'aikatan laburare, shafin kwas yana hannun sashen fasahar sadarwa, rumbunan kuma yawancinsu suna hannun kamfanoni a ƙasashen waje. Shi ya sa ɗalibi yake shiga kowanne ta ƙofarsa, da kalmar sirrinsa, ya sake rubuta abin da yake nema daga farko.

Yadda Ake Haɗa Su

Haɗawar ba wai a narkar da su a zuba a tukunya ɗaya ba ne. Kowanne yana nan a inda yake, ana dai shimfiɗa hanyoyi ne a tsakaninsu. Zan kawo guda biyar, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya.

Hanya ta farko ita ce adireshi mai ɗorewa. Adireshin da muke gani a saman shafin intanet yana canzawa, wani ma da zarar ka rufe shafin ya mutu. Saboda haka aka ƙirƙiro lambar da ake kira DOI, wadda ake liƙa wa muƙala ko littafi har abada. Kullum tana farawa da 10, kuma idan aka rubuta ta a gaban doi.org za ta kai mutum inda muƙalar take ko da mujallar ta sauya gida. Ƙungiyar Crossref, da ta fara aiki a 2000, ita ke kula da akasarin irin waɗannan lambobi na mujallu. Taskokin jami'o'i ma suna ba kowane kundi adireshinsa mai ɗorewa, haka shi ma kowane littafi a katalog ɗin Koha. Da a ce malaminmu ya sa irin wannan adireshi a gaban kowane suna a jerin nan nasa, da latsawa ɗaya ta ishe ni. Wannan hanya ba ta cin ko sisin kwabo.

Hanya ta biyu ita ce ƙofar shiga guda. Rumbunan da ake biyan kuɗi sukan gane mutum ne ta lambar intanet ɗin da ya fito. Idan kana cikin harabar jami'a za su buɗe maka, idan ka koma masauki ka kunna datar wayarka sai su nemi kuɗi. Don maganin wannan aka samar da manhajoji irin su EZproxy, wadda Chris Zagar ya rubuta a 1999, da kuma OpenAthens. Aikinsu kamar na mai gadi ne da ya san fuskarka: ka ba shi lambar rajistarka da kalmar sirri sau ɗaya, shi kuma ya shaida wa duk rumbunan cewa kai ɗan gida ne. Idan aka tsara abin da kyau, kalmar sirrin da ka shiga shafin kwas da ita, ita ce za ta buɗe maka laburare.

Hanya ta uku ita ce wadda nake kira dillali. Sau da yawa muƙala ɗaya tana rumbu biyu ko uku, jami'arka kuma ɗaya kawai take da izinin shiga. Yaya injin bincike zai san wanne zai tura ka? A ƙarshen shekarun 1990 Herbert Van de Sompel na Jami'ar Ghent a Beljiyam ya fito da dabarar da aka sa wa suna OpenURL, wadda daga baya aka amince da ita a matsayin ƙa'ida a Amurka. Injin bincike yana miƙa wa dillalin laburarenka sunan mujallar da shekara da kundi da shafi. Dillalin ya duba jerin abin da jami'arka ta biya, ya kai ka kwafin da ya halatta gare ka. Idan babu, ya duba katalog ya gaya maka ko akwai bugaggen kwafi a kanta. A Google Scholar akwai wurin da mutum zai zaɓi sunan laburarensa, amma sai laburaren yana da irin wannan dillali kuma ya yi masa rajista sannan sunan zai fito.

Hanya ta huɗu ita ce girbi. Ka ɗauka jami'o'i hamsin kowace tana da taskarta. Ba zai yiwu ɗalibi ya bi su ɗai-ɗai ba. A 2001 aka fito da ƙa'idar OAI-PMH, wadda ta ba wata kwamfuta damar zagayawa ta kwaso bayanan kundaye daga taskoki daban-daban ta tara su wuri guda. Bayanan da ake kwasowa an tsara su ne bisa gurabe goma sha biyar da aka fara shatawa a garin Dublin na jihar Ohayo a 1995, kamar suna, marubuci, shekara, batu da harshe. Ta wannan hanya ce injunan bincike irin su BASE na Jami'ar Bielefeld a Jamus da CORE na Ingila suke samun abin da suke nunawa. Da irin wannan tarawa kuma laburare yake iya kafa akwatin bincike guda wanda zai leƙa katalog da taska da rumbunan mujallu a lokaci ɗaya. Akwai na sayarwa irin su Primo da Summon, akwai kuma na kyauta kamar VuFind na Jami'ar Villanova a Amurka.

Hanya ta biyar ita ce shigo da laburare cikin shafin kwas kansa. A 2010 aka fitar da ƙa'idar LTI, wadda take ba wata manhaja ta waje damar buɗewa a cikin Moodle ko Blackboard kamar taga, kuma ta san wane ɗalibi ne, wane kwas yake yi, ba tare da ta sake tambayarsa ba. Da ita ake gina jerin karatu mai rai. Malam ya zaɓi littafi daga katalog, ɗalibi ya gan shi a ƙarƙashin darasin mako na uku, tare da bayanin kwafi nawa ne a kanta, nawa aka ara. Shi kuma laburare yana ganin jerin tun kafin a fara zango, ya san abin da ya kamata ya saya ko ya ware don kada mutum ɗaya ya are shi ya tafi da shi gida har ƙarshen zango.

Idan hanyoyin nan biyar suka haɗu, ga abin da zai faru da ɗaliba a masaukinta da dare. Ta shiga shafin kwas da wayarta, ta latsa sunan muƙala. Adireshin mai ɗorewa ya san wace muƙala ce, dillali ya san rumbun da take, mai gadi ya shaida cewa ɗalibar 'yar gida ce, muƙalar ta buɗe. Ita dai latsawa ɗaya ta yi.

Amfanin Abin Gare Mu

Ɗalibin da ke karatu a Kano zai iya takawa zuwa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, ko ya shiga kasuwa ya sayi littafi. Na Zariya yana da laburaren sashensa, ga kuma Gidan Arewa a Kaduna kusa da shi. Mu da ke nesa ba mu da wannan gata, don haka mun fi su buƙatar wannan haɗi. Abubuwan da za mu iya samu daga inda muke ba kaɗan ba ne. Mujallu irin su Africa da Bulletin of the School of Oriental and African Studies da Research in African Literatures, waɗanda suka buga muƙalu masu yawa a kan Hausa, suna cikin JSTOR. Mujallar Studies in African Linguistics kyauta take a intanet. Ƙamusun Bargery na 1934 an mayar da shi wanda ake bincikawa a intanet. Jerin rubuce-rubuce a kan Hausa da harsunan Cadi da Farfesa Paul Newman ya tattara yana taskar Jami'ar Indiyana, shi ma kyauta. Duk waɗannan ana iya jera su a shafin kowane kwas na sashenmu cikin yini ɗaya.

Inda Gizo Ke Saƙar

Duk hanyoyin da na lissafa abu ɗaya suke miƙa wa junansu, wato bayanin da aka rubuta a kan littafi. Idan bayanin ya gurgunce, komai kyan manhaja ba za ta kai ka ga littafin ba. A nan ne rubutun Hausa yake da nasa matsaloli.

Matsala ta farko ita ce haruffa masu ƙugiya. A wurinmu ƙasa daban kasa daban, ɗaki daban daki daban, ɓari daban bari daban. A wurin kwamfuta ma haka ne, domin a tsarin Unicode kowanne daga ɓ da ɗ da ƙ yana da lambarsa da ba ta da alaƙa da ta b da d da k. Wasu injunan bincike an saita su su ɗauki ƙ da k a matsayin abu ɗaya, wasu ba a saita su ba. Ma'aikacin katalog da bai ji Hausa ba, kuma allon rubutunsa ba shi da ƙugiya, zai rubuta Kamusun Hausa. Kai kuma da aka koya wa ƙa'idar rubutu ka nemi Ƙamusun Hausa, kwamfuta ta ce babu, alhali ƙamusun na Jami'ar Bayero na 2006 yana kan kanta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Haka abin yake ga 'y, wanda a Nijar ake rubutawa ƴ, ta yadda mai neman 'ya'ya ba zai ga littafin da aka rubuta ƴaƴa ba. Tsofaffin littattafai kuwa, na kafin a tsayar da ƙugiya a shekarun 1930, wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, wasu waƙafi a gefensa.

Matsala ta biyu ta fi ɓuya. Kafin Unicode ya yaɗu, masu rubutun Hausa a kwamfuta sun dogara ne da samfurin haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990. Sun yi wa Hausa babban aiki a zamaninsu. Dabararsu ita ce aron maɓallan da ba a cika amfani da su ba: inda aka danna } sai ƙ ya fito, inda aka danna ] sai ɗ, inda aka danna ~ sai ɓ. A ido rubutun daidai yake, amma a cikin kwamfuta alamomin ne ke ajiye. Kundaye masu yawan gaske da aka buga ta wannan hanya suna cikin taskoki yanzu. Idan injin bincike ya zo karanta su, abin da yake gani shi ne }asar Hausa da ~angare na ]aya, kuma sau da yawa yakan zubar da alamar ya bar asar da angare da aya. Kundin yana nan, amma wanda ya nemi ƙasar ko kasar ba zai same shi ba.

Matsala ta uku ita ce sunayen marubuta. Mutum ɗaya za a rubuta shi Muhammad a nan, Muhammadu a can, Mohammed a wani wuri. Bature yana da sunan dangi da ake farawa da shi a katalog, mu kuwa sunan ƙarshe yana iya zama na uba ko na gari ko na sarauta. Marubucin Shaihu Umar wani zai sa shi a ƙarƙashin Balewa, wani Tafawa Ɓalewa, wani Abubakar. Ma'aikatan laburare suna da kundin daidaita sunaye inda ake zaɓar siga ɗaya a ɗaura sauran a kanta, amma sai wanda ya san mutanen ne zai iya cewa wannan da wancan mutum ɗaya ne.

Matsala ta huɗu ita ce batu. Kalmomin da ake rubutawa a gurbi na 650 da Ingilishi suke. Wanda ya nemi karin magana ba zai ga littafin da aka yi wa laƙabi da "Proverbs, Hausa" ba, sai idan kalmar tana cikin sunan littafin. Hatta sunan harshen yana da sigogi: Faransawa suna rubuta haoussa, tsofaffin Jamusawa Haussa. Wanda bai gwada waɗannan ba ya bar ayyukan da aka yi a Nijar da Faransa da Jamus a baya. Rubuce-rubucen ajami kuma sukan faɗa cikin jerin na Larabci, saboda mai katalog ya ga haruffa ya yanke hukunci, alhali Hausa tana da lambarta ta harshe, wato hau.

Matsala ta biyar ita ce abin da ba a sa a kwamfuta ba sam. Mujallun sassan Hausa da yawa a takarda kawai suka fito, ba su da DOI. Haka kundayen da aka buga da tafireta, da ɗimbin littattafan adabin kasuwar Kano. Wasu an ɗauki hoton shafukansu, amma hoto ba rubutu ba ne a wurin injin bincike sai an bi shi da manhajar da ke mayar da hoto haruffa, ita kuma takan yi tuntuɓe da ƙugiya.

Bayan waɗannan akwai matsalolin da suka shafi kowa. Idan aka ɗauke wuta, kwamfutar da ke riƙe da katalog ta mutu, duk mahaɗan da aka sa a shafin kwas sun tsaya. Kuɗin rumbuna da dala ake biya. Asusun TETFund, da aka kafa da dokar 2011, yana ware wa manyan makarantun gwamnati kuɗin bunƙasa laburare, kuma a 2023 ya ƙaddamar da dandalin TERAS don tattara irin waɗannan ayyuka a ƙofa guda, amma kowace jami'a sai ta yi nata aikin cikin gida. Akwai kuma haƙƙin mallaka. Ɗaukar hoton littafin wani dungurungum a watsa a zauren WhatsApp na aji zalunci ne ga marubucin, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shafi abin da ake yaɗawa a intanet. Sa mahaɗi zuwa kwafin da laburare ya mallaka ya fi tsafta.

Abin da Za Mu Iya Yi

Ga ɗan'uwana ɗalibi, shawarata ta farko ita ce ka je laburare a makon farko na zango ka tambayi jerin rumbunan da jami'a take da izinin shiga, da yadda ake shiga daga waje. Na biyu, kada ka yarda da amsar babu a karon farko. Nemi kalma da ƙugiya, ka neme ta ba ƙugiya, ka neme ta ba harafin farko, ka neme ta da Ingilishi, ka juya sunan marubuci. Na uku, duk muƙalar da ka samu ka rubuta lambar DOI ɗinta ko adireshinta mai ɗorewa tare da sunanta. Na huɗu, idan ka zo buga kundinka, yi amfani da haruffan Unicode, waɗanda yanzu suna cikin allon rubutu na waya da na kwamfuta, sannan ka sa taƙaitaccen bayani da muhimman kalmomi da Hausa da kuma Ingilishi.

Ga malamanmu, da girmamawa, roƙonmu shi ne a riƙa sa mahaɗi a gaban kowane abu da ke jerin karatu, abin da ba ya intanet kuma a sa lambar kantarsa, sannan a aika wa laburare kwafin jerin kafin a fara zango.

Ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa, akwai aikin da ya fi ƙarfin ma'aikatan laburare su kaɗai, ba don gazawarsu ba sai don yawancinsu ba su ji harshen ba. Littattafan Hausa da ke laburarenmu ba su da yawa. Idan muka nemi izini, mutum goma za su iya zama da ma'aikacin katalog su bi su ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan makonni. A rubuta sunan littafi da ƙugiyarsa a gurbi na 245, a maimaita shi ba ƙugiya a gurbi na 246 da aka tanada don wata sigar suna, a ƙara kalmomin batu da Hausa a gurbi na 653, a tabbatar an sa lambar harshe. Kundayen da yayyenmu suka bari a kwamfutar sashe kuma, a sauya alamomin nan zuwa haruffan gaske, wanda aiki ne na 'yan mintoci ga kowane kundi, kafin a miƙa su taskar jami'a da izinin masu su.

Kammalawa

A wannan muƙala an ga cewa katalog da shafin kwas da injin bincike kowanne gininsa daban, kuma ana haɗa su ne ta adireshi mai ɗorewa, ƙofar shiga guda, dillalin mahaɗi, girbin bayanai da kuma buɗe wa laburare taga a cikin shafin kwas. An kuma ga cewa dukkansu sun dogara ga ingancin bayanin da aka rubuta a kan littafi, wanda a ɓangaren Hausa yake fama da matsalar ƙugiya da sunaye da batu. Sayen manhaja da biyan kuɗin rumbu aikin hukumar jami'a ne. Gyaran bayanin littattafan Hausa kuwa ba ya buƙatar komai sai sanin ƙa'idar rubutu da muka koya tun aji ɗaya. Na yi wa dattijuwar nan maganar, ta ce ƙofarta a buɗe take kowace Laraba da yamma. Duk mai sha'awa sai ya ba sakataren ƙungiya sunansa.